Yarjejeniyar Zaɓi a Lokacin Kwanciyar Kasuwa: Nazari kan Kafin Alƙalami a Zangunan Accra

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda kwanciyar farashi ke shafar darajar yarjejeniyar zaɓi, ta kuma auna hakan da al'adar kafin alƙalami a tsakanin 'yan kasuwar Madina, Nima da Maamobi. Hujjarta ita ce, kariya daga tashin farashi ta fi araha a lokacin da kowa ya saki jiki, kuma mai sayar da kariyar a irin wannan lokaci ne ke ɗaukar hatsarin da ba a biya shi daidai ba.

Gabatarwa

Yarjejeniyar zaɓi ita ce mutum ya biya wani ɗan kuɗi don ya samu damar saye ko sayar da kaya a kan ƙayyadadden farashi kafin wata rana, ba tare da an tilasta masa ba. An buɗe kasuwarta ta farko mai tsari a Chicago a 1973, shekarar da Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa lissafin farashinta. Jigon lissafin shi ne hasashen hawa da saukar farashi: in ana tsammanin kasuwa za ta yi tangal-tangal, zaɓi ya yi tsada, in ta kwanta, ya faɗi warwas.

Kasuwar hannun jari ta Gana, wadda ta fara ciniki a 1990, ba ta da sashen zaɓi irin na Chicago. Gwanjon dala na gaba da Babban Bankin Gana ya soma a 2019 kuwa da bankuna ake yin sa, kuma yana ɗaure ɓangarorin biyu. Ɗan kasuwar Zango bai da rabo a ciki. Abin da ke hannunsa shi ne kafin alƙalami.

Abin da kwanciyar kasuwa ke ɓoyewa

A 2017 ma'aunin VIX, wanda ke nuna fargabar masu hannun jari a Amurka, ya sauka ƙasa da 10 sau da dama. Mutane da yawa suka koma sayar da kariya suna karɓar ɗan lada a kai a kai. Ranar 5 ga Fabrairun 2018 ma'aunin ya ninka cikin yini guda, takardar XIV da aka gina kan cacar ɗorewar kwanciyar ta rasa kusan duk darajarta.

Gana ta ga irin wannan a kan sidi. A tsawon 2021 dala ta motsa ne kawai daga kusan sidi 5.8 zuwa 6 a farashin bankuna. Kafin Nuwambar 2022 ta haura 13, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Abin lura shi ne, a cikin Disambar nan dala ta sauko ƙasa da sidi 9. Wanda ya ruga wurin 'yan canji a Tudu ko Nima lokacin da tsoro ya yi tsanani ya sayi kariya a mafi tsadarta, ya kuma tafka asara cikin makonni. An maimaita hakan a 2025, da dala ta faɗo daga sama da sidi 15 a Afrilu zuwa kusan 10 a Yuni.

Kafin alƙalami a mizanin zaɓi

A ɗauki misalin mai sarin albasa da ke ɗauko kaya daga Adjen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasar Agbogbloshie a 2021. Ya ba dillali wani kaso, aka yanke farashin buhu, aka sa rana. In farashi ya tashi, ya cika kuɗi ya ɗauki kaya a tsohon farashi. In ya faɗi, mafi munin abin da zai same shi shi ne asarar abin da ya ajiye. Asararsa na da iyaka, ta dillali ba ta da ita. A lokacin girbi, da albasar Galmi ke kwararowa, dillali na yarda da ɗan kaso kaɗan da wa'adi mai tsawo, domin bai hango komai ba. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da ECOWAS ta rufe iyakoki, albasa ta yi tsada a Accra, kuma duk dillalin da ya ɗaure kansa da tsohon farashi shi ya biya bambancin, ko ya saɓa alkawari ya zubar da amanar da ake cin abinci da ita a Zango.

Sai dai ba a cewa duk mai saye ya ci riba. Darajar zaɓi na zaizayewa kullum yayin da wa'adi ke matsowa, kuma kasuwa na iya kwanciya shekara biyu cur, kamar yadda sidi ya yi a 2020 da 2021. Wanda ke sayen zaɓi don caca kawai, ba shi da kayan da yake karewa, jarinsa zai ƙare da kaɗan-kaɗan.

Matsayin shari'a

Wannan ba batun da za a tsallake ba ne, tunda akasarin mutanen Zango Malikawa ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta zaɓin zamani a zamanta na Jidda a 1992, domin abin da ake sayarwa ba dukiya ba ce, ba kuma amfani ba. A 1993 a Brunei ta halatta cinikin urbuni, wato kafin alƙalami, in an ƙayyade wa'adi, bisa ra'ayin Hambalawa. Malikiyya kuwa ba ta yarda mai kaya ya riƙe kuɗin ba in cinikin ya rushe. A ganin wannan nazari, saɓanin ya isa dalilin da malaman Madina da Nima za su zauna da shugabannin kasuwa su fayyace hukunci, a kuma riƙa rubuta farashi, wa'adi da makomar kuɗin ajiya a gaban shaidu tun kasuwa na kwance, kafin rikici ya kai gaban sarkin Zango.