Shafen Tsinke da Hujin Tsakiya: Wata Shaida da Masu Tarihin Ƙasar Hausa Suka Ƙyale

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin cinikin ƙasar Hausa sun daɗe suna ambaton tsakiya da duwatsun wuya a jerin hajar da fatake ke shigowa da ita, tare da takarda da allurai da takubba. Kilafatan, wanda ya sauka Kano a 1824, ya ga duwatsun ado a kasuwa. Barth, watau Abdulkarim, ya lissafa su cikin kayan da ke ƙetaro Sahara sa'ad da ya zo a 1851. Amma galibi a ambato ake tsayawa, ba a cika ɗaukar ita tsakiyar a tambaye ta inda ta fito ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa tsakiyar gilashi tana ɗauke da shaidar asalinta a cikin hujinta, kuma wannan shaida ta samu ne daga wani ɗan ƙaramin mataki na sana'a, watau dabarar da maƙeri ke bi ya raba narkakken gilashi da tsinken ƙarfen da ya naɗa shi a kai. Za a ɗauki yankin Birnin Kudu da Gwaram, da ƙauyukansa irin su Unguwar Ya, a matsayin misalin ƙasar da aka sani da saye da sawa, ba da narka gilashi ba.

2.0 Matsalar tsinke da gilashi

Tsakiya ba ta zama tsakiya sai da huji. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin samun hujin ita ce a narka gilashi har ya yi danƙo kamar zuma, a naɗa shi a kan tsinken ƙarfe ana juyawa, sa'an nan a zare tsinken. A nan wahalar take, domin narkakken gilashi yakan kama ƙarfe mai zafi ya riƙe. In aka matsa sai tsakiyar ta fashe, in aka ƙyale sai ta mutu a jikin tsinke. Matsalar ba ta yau ba ce. A tonon da Flinders Petrie ya yi a Amarna ta ƙasar Masar a 1891 zuwa 1892, an sami duwatsun gilashi na ƙarni na 14 kafin haihuwar Annabi Isa, wasunsu da guntun wayar jan ƙarfe maƙale a ciki.

Maƙera sun fuskanci wannan matsala ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce a shafe tsinken da ruwan yumɓu ko farar ƙasa, a bari ya bushe sarai kafin a sa gilashi. Gilashin sai ya kama shafen maimakon ƙarfen, in an huce a murɗa, shafen ya ruguje, tsakiya ta fita. Sharaɗinsa biyu ne: kada shafen ya yi kauri ya ɓare cikin wuta, kada kuma ya yi sauran danshi, domin tururi zai tsattsage shi ya bar kumfa a gilashi. Ta biyu ita ce a dogara ga halin ƙarfe, wanda ya fi gilashi ƙanƙancewa in yana hucewa. Maƙeri yakan yi tsinkensa mai tsini, ya ɗan dakata, ya ƙwanƙwasa, tsakiya ta suɓuce. Ta uku ita ce a yi amfani da abin da zai ƙone ko ya narke ya bar gurbinsa. Kowace hanya tana barin tabonta.

3.0 Masaga na Bida

Maƙeran gilashi mafi kusa da ƙasar Hausa su ne Masaga na birnin Bida a ƙasar Nufe. Tarihinsu na baka yana cewa kakanninsu daga Misira suka taso, suka biyo ta Barno. Sana'arsu ta bunƙasa a ƙarƙashin sarakunan Bida na ƙarni na 19, irin su Usman Zaki da Masaba, inda suka zama ƙungiya mai shugabanta da unguwarta. Frobenius ya ziyarce su a 1911, Nadel kuma ya bayyana aikinsu a littafinsa kan ƙasar Nufe wanda ya fito a 1942.

A da Masaga da kansu suke dafa wani baƙin gilashi da suke kira bikini, daga yashi da kanwa da kashin maƙera. Kanwar kuwa haja ce ta arewa, saboda haka tun daga tushe sana'ar tana da hannun fatake a ciki. Da kwalabe suka yawaita a zamanin Turawa sai aka koma narka su, dafa bikini ya ɓace shekaru da dama, har sai da aka sake gwada shi a 2019. Aikinsu na bakin murhu ne: itace, zugazugi, awartaki da tsinken ƙarfe. Da shi suke yin ƙarau na hannu, da shi suke naɗa tsakiya. Tsakiyar da aka naɗa a bakin murhu takan zo da huji mai faɗi, baki ɗaya ya fi ɗaya girma saboda tsinin tsinke, sau da yawa kuma da baƙin tabon ƙarfe a ciki. In an ɗaga ta a haske, layukan gilashin da kumfarsa suna kewaya hujin ne, ba bin tsawonsa suke yi ba.

4.0 Hajar Benis da ta Bohimiya

Kaso mai yawa na duwatsun da suka shigo Kano ta Tarabulus da Gadamas da Agadas daga Benis ta Italiya suka fito, inda aka tattara maƙeran gilashi a tsibirin Murano tun 1291. Masu naɗin Benis a kan harshen fitila suke aiki, da siririyar wayar ƙarfe wadda aka shafe da farin yumɓu. Shi ya sa hujin tsohuwar tsakiyar Benis yake miƙaƙƙe, yakan kuma riƙe wani farin gari a bangonsa ko bayan shekaru ɗari ana sawa. A shekarun 1930 aka fara amfani da jan ƙarfe a Murano, wanda ake narkarwa da ruwan asid bayan an gama, hujin ya fito tas ba gari. Ke nan kasancewar farin garin ko rashinsa na iya taimakawa wajen ƙiyasta zamanin tsakiya. Ba hujja ba ce ita kaɗai, domin masu naɗi a ƙasashe da yawa har yau da shafen farar ƙasa suke aiki, amma in aka haɗa da launi da zane da irin zaizayar baki, takan yi amfani ƙwarai.

Hajar Bohimiya, ta garin Gablonz wanda yanzu ake kira Jablonec a ƙasar Cek, yawancinta matsawa ake yi a cikin zubi, ana gane ta da ɗan layin haɗi da ke jikinta.

5.0 Waɗanda suka kauce wa tsinke

Akwai kuma maƙeran da suka warware matsalar ta hanyar barin tsinken gaba ɗaya. A Ile-Ife, a kurmin Igbo Olokun, tonon da Abidemi Babatunde Babalola ya yi a 2011 zuwa 2012 ya fito da duwatsu sama da 12,000 da fasassun tukwanen narki, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Yawancinsu ja aka yi: a sa kumfar iska cikin curin gilashi, a ja shi ya zama dogon bututu, a yayyanka. A irin wannan, iska ce ta yi hujin, layukan gilashi kuma suna bin tsawon tsakiya. Awon sinadari ya nuna gilashin Ife na da halinsa dabam, mai yawan alli da alumina, an kuma sami irinsa a Gawo da Essouk a ƙasar Mali, da Igbo-Ukwu inda Thurstan Shaw ya tono duwatsu kimanin 165,000. Wannan ya isa ya rushe zaton cewa duk tsohuwar tsakiya daga ƙetare ta zo.

Su kuwa Kurobo na ƙasar Gana daka kwalba suke yi ta zama gari, su zuba a ramukan zubin yumɓu, su tsaya karan ganyen rogo a tsakiya. Wuta ta cinye karan, ta bar huji. Abin lura shi ne su ma ba su tsira daga shafe ba, domin sai sun shafe zubin da farar ƙasa kafin gilashi ya yarda ya fita. Hausawa sun san wannan yanki tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, har yau kuma akwai 'yan kasuwarmu a kasuwar duwatsu ta Koforidua mai ci ran Alhamis.

6.0 Abin da ya shafi Birnin Kudu da Gwaram

An san Birnin Kudu a fagen tarihi da zanen duwatsu na Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazari a shekarun 1950. Yankin yana cikin masarautar Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, yana kuma kan hanyar Kano zuwa Bauchi. Saboda haka hajar Kurmi ta kan iso shi a kan 'yan koli masu bin kasuwannin ƙauye. Tsakiya kuwa dukiyar mace ce. Da ita ake kayan aure, ita ake gada daga uwa zuwa 'ya, ita ake sayarwa in fari ya matsa. Rubutaccen tarihi bai cika ambaton matan karkara ba, amma adudun tsohuwa a Unguwar Ya na iya ƙunsar abin da zai nuna ko kasuwar yankin ta fi karkata ga Bida, ko ga Sahara, ko ga kantunan Turawa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911.

Sai dai shaidar tana zurarewa. Tun ƙarshen shekarun 1960 dillalai, da yawansu Hausawa, suke bin ƙauyukan Afirka ta Yamma suna sayen tsofaffin duwatsu don kasuwannin Amurka da Turai. Da zarar an tsinke zare, an gauraya, an wanke huji, to an raba tsakiya da gidanta da labarinta. Ragowar kuma duwatsun roba suna maye gurbinsu.

7.0 Kammalawa

Hausawa na cewa kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Shafen tsinke aiki ne da maƙeri ke yi don kawai hajarsa ta fita lafiya, amma ya bar wa mai tarihi sa hannun da ba a yi niyya ba. Shawarar wannan takarda ga sassan tarihi da na Hausa a jami'o'inmu ita ce a tura ɗalibai gidajensu da madubin ƙara girma da littafin rubutu. Kada su saya, kada su wanke, kada su tsinke zare. Su rubuta sunan da mai tsakiya ke kiranta da shi, da wadda ta gada daga gare ta, da kasuwar da aka ce an sayo, sa'an nan su duba fasalin huji da launin abin da ke cikinsa. In an yi haka a gundumomi kaɗan, za a sami taswirar ciniki wadda matafiyan Turawa ba su gani ba, domin ba su shiga cikin gida ba.