Durƙushewar Zagayen Jini da Illolin Zuciya a Cutar Kawasaki: Nazari kan Jinkirin Ganewa

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi wani nau'i mai tsanani na cutar Kawasaki, wanda awon jinin yaro kan faɗi a cikinsa, kuma ta kafa hujja cewa babban haɗarinsa yana cikin kamanninsa da gubar ƙwayoyin cuta a jini, domin kamannin nan ne kan jinkirta magani har illa ta isa zuciya.

Asalin Mas'ala

A shekarar 1961 ne likita Tomisaku Kawasaki ya fara ganin wannan cuta a Tokiyo, kuma a 1967 ya wallafa bayanin yara 50 da suka kamu da ita, alhali har yau malaman likitanci ba su tabbatar da musabbabinta ba. Abin da suka yi ittifaƙi a kansa shi ne kumburi ce ta jijiyoyin jini, wadda galibi kan kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma ta fi yawa a Japan. Sharaɗin ganewa zazzaɓi ne na kwana biyar ko fiye, tare da huɗu daga alamomi biyar: idanu jajaye ba kwantsa, leɓɓa sun tsattsage harshe ya yi jawur, ƙuraje a jiki, tafin hannu da na ƙafa sun kumbura (daga baya fatar yatsu ta saɓule), da kaluluwa a wuya.

Illar da ake tsoro kuwa tana ga jijiyoyin da ke shayar da zuciyar kanta, waɗanda bangonsu kan yi rauni ya bunƙuro kamar salkar da aka cika, har jini ya daskare a ciki. Kimanin yaro ɗaya cikin huɗu ne kan gamu da wannan idan ba a yi magani ba. In kuwa an ba da ruwan garkuwa na IVIG, giram 2 ga kowane kilo na nauyin yaro, cikin kwana goma na farko, adadin kan sauko zuwa wajen kashi 4 cikin ɗari.

Abin da Bincike ya Nuna

Sai a 2009 Kanegaye da abokan aikinsa a San Diyego ta Amurka suka ware nau'in nan mai durƙusar da zagayen jini da suna na kansa, bayan sun duba yara 187, suka sami 13 daga cikinsu, wato kashi 7 cikin ɗari, awon jininsu ya faɗi ƙasa da abin da ya dace da shekarunsu, ko gaɓoɓinsu sun daina samun isasshen jini. Waɗannan yara sun fi sauran ƙin jin ruwan garkuwa a karon farko, sun fi samun lahani a jijiyoyin zuciya da yoyon ƙofar zuciya ta hagu, kuma ƙarfin matsawar zuciyarsu ya fi raguwa. Dalilin durƙushewar, bisa ra'ayi mafi rinjaye, haɗuwar abu biyu ne: tsokar zuciya ta kumbura ta gaza, ƙananan jijiyoyi kuma sun saki suna tsiyayar da ruwa cikin nama.

Tattaunawa

A nan ne, a ganina, wajibi ya hau kan likita. Yaron da aka kawo hannuwa sun yi sanyi, bugun jijiya da ƙyar ake jinsa, uwa tana cewa yau kwana shida zazzaɓi bai sauka ba, babu wanda zai zargi likita in ya fara da ƙarin ruwa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, hasali ma haka ya kamata. Sai dai ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda bisa al'ada kan ƙaru a mako na biyu na wannan cuta, a wannan nau'i sau da yawa raguwa suke yi, ta yadda sakamakon gwaji ma zai ƙara ƙarfafa zaton gubar ƙwayoyin cuta, wanda ba shi ne ba, kwanaki goman nan kuwa suna ta tafiya. A ƙasashenmu akwai ƙarin shubuha, domin jan ido da ƙuraje da zazzaɓi kyanda suke fara kawowa a rai, ko da yake kyanda kan zo da tari da majina. Ƙarin ruwa mai yawa ga zuciyar da ta riga ta gaza kan cika huhu, saboda haka duk yaron da zazzaɓinsa ya ƙi jin magani kuma gwaji bai fito da ƙwayar cuta ba, ya cancanci a sake duba leɓɓansa da tafin hannunsa, a ɗauki hoton zuciyarsa da na'urar eko tun a ranar, a kuma maimaita hoton ko da na farko ya fito lafiya, domin bunƙurowar jijiya kan bayyana ne bayan makon farko.