Dokar Mayar da Kamfanoni Hannun 'Yan Ƙasa da Martanin Baƙi, 1972 zuwa 1995

Lokacin da aka gama yaƙin basasa a 1970, Nijeriya ta kusa cika shekara goma da samun mulkin kai, amma manyan kantuna da bankuna da masaƙu suna hannun Turawa da Kwarori da Indiyawa. Wannan ne ya sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa doka mai lamba 4 a watan Fabrairun 1972. Dokar ta keɓe sana'o'i 22 ga 'yan ƙasa kaɗai, kamar gidajen burodi da silima da sufurin kaya a mota da cinikin sayar da kaya ɗai-ɗai. Wasu 33, irin su yin sabulu da ashana da lemon kwalba, aka ce baƙo zai iya riƙe su muddin ya sayar wa 'yan ƙasa kashi 40 cikin 100 na hannun jari. Aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 1974.

Kwamitin binciken da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa a 1975 ya tarar kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na kamfanonin da abin ya shafa suka bi doka. Saboda haka a 1977, zamanin Janar Obasanjo, aka fito da doka ta biyu wadda ta kasa sana'o'i gida uku, wato na kashi 100 da na 60 da na 40, ba a bar kamfanin baƙi ko ɗaya a waje ba.

Martanin da aka fi tunawa da shi shi ne na waɗanda suka naɗe kayansu. Bankin Citibank na Amurka ya fice a 1976 da gwamnati ta nemi kashi 60 a bankuna, kamfanin IBM kuma ya bi sawu a 1978, shekarar da ya bar Indiya a kan irin wannan dalili. To, amma waɗannan 'yan kaɗan ne. Galibin kamfanoni, musamman na Ingila, zama suka yi, domin kasuwar da kuɗin fetur ya cika ba ta barin a yi fushi da ita. Alal misali, UAC ya sayar da kashi 40 a 1974, ya ƙara kashi 20 bayan doka ta biyu.

A nan ne mai nazari ya kamata ya tsaya, domin mallakar hannun jari daban, iko da kamfani daban. Idan baƙo ya riƙe kashi 40 a dunƙule, sauran 60 kuma suka watsu a hannun dubban mutane waɗanda ba su san juna ba, to muryarsa ita ce mai rinjaye a zauren daraktoci. Bugu da ƙari, akan ƙulla yarjejeniyar taimakon fasaha wadda za ta bar sayen injuna da zaɓen manajoji a hannun uwar kamfani a Turai. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa sukan nemi ɗan ƙasa ya ara sunansa a takarda, a riƙa ba shi ɗan abin hasafi. Thomas Biersteker ya bi diddigin waɗannan dabaru a littafinsa na 1987.

A Kano sauyin ya fi fitowa fili a Kantin Kwari. Cinikin atamfa ya koma hannun 'yan kasuwar Hausawa, Kwarori da yawa suka karkata ga masana'antu a Bompai da Sharaɗa, wasu kuma suka nemi takardar zama 'yan ƙasa. Sai dai akasarin hannayen jarin manyan kamfanoni a Ikko aka saye su, abin da ya sa gwamnatocin jihohin Arewa da kamfanin NNDC na Kaduna suka shiga saye da kuɗin jama'a.

Da farashin fetur ya faɗi bayan 1981, bashi kuma ya yi wa ƙasa katutu, sai gwamnati ta koma neman jarin da ta taƙaita a da. An sassauta dokar a 1989, aka soke ta ɗungurungum a 1995. Citibank kuwa tun 1984 ya dawo da sunan Nigeria International Bank.