Harshen damo

harshen damo (suna, namiji) 1. Maganar da ke ɗaukar fassara biyu; an aro sunan daga damo, mai harshe a tsage. 2. A nazarin gajeren labari: dabarar rage kalmomi da gangan, a ɓoye dalili ko ƙarshe, mai karatu ya cike gurbin da kansa. Misali: "Ta jira shi a Ƙofar Jatau har magariba. Da ta hango shi, sai ta juya cikin birni." Fushi ne, kunya ce, ko tsoro? Marubucin bai faɗa ba, kuma shirun nan shi ne labarin.

Bahaushe ya saba da wannan dabara tun daga habaici da tatsuniyoyin da ke ƙarewa da tambayar wa ya fi. Rubutaccen zube kuwa, wanda ya kafu a Zariya da gasar rubutu ta 1933 ƙarƙashin Rupert East, ya fi karkata ga warware komai da fito da darasi, kamar yadda ake gani a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam. A Amurka kuwa, marubuci Hemingway ya shahara da irin wannan taƙaitawa.

Kada a haɗa harshen damo da duhun ma'ana: duhun ma'ana rauni ne, harshen damo kuwa gwaninta ce.