Tulun Ajiyar Baƙin Mai da Injinan Hanyoyin Neja

Akwai wata na'ura da masu tseren mota da masu hawan duwatsu da mota a Amurka suka daɗe da sani, wadda labarinta ke isowa garejinmu ta wayar hannu. Tulu ne na alminiyam mai fistin a ciki, gefe ɗaya iska, ɗaya gefen baƙin mai. Idan inji na aiki, famfo yana cusa mai cikin tulun har ya matse iskar. Da zarar mota ta karkace, man ya gudu gefe guda, famfo ya fara zuƙar iska, sai tulun ya turo abin da ya ajiye zuwa metal da kiranshaf. Wanda ya fi suna shi ne Accusump na kamfanin Canton da ke jihar Connecticut. Babbansa bai cika lita 3 ba, kuma ceton da yake yi na daƙiƙu ne, iyakarsa minti guda. Dabara ce mai kyau, amma wanda ya san tarihin kanikanci a Minna zai ga cewa ciwon da take magani ba shi ne ke kashe yawancin injinanmu ba.

Jirgin ƙasa ne ya fara kawo aikin injina garin, tun da layin Baro zuwa Kano ya ratsa ta nan aka kammala shi a 1911. Motar daji ta zo daga baya. Land Rover ta fito a Ingila a 1948, ta zama motar En'e da malaman gona da ma'aikatan asibiti. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a 1976 Minna ta zama babban birnin sabuwar jihar Neja, sai akori-kurar 404, daga baya 504, ta mamaye hanyoyin Kuta da Gwada da Paiko tana jidar doya. Ko kusa ba a ƙera ta don hawan dutse ba, injinta ma a kishingiɗe yake, amma ta yi shekaru tana ratsa kwazazzabai da lodin da ya fi ƙarfinta. Tsofaffin makanikai sun riƙe waɗannan injina da abubuwa marasa tsada. Tsohuwar Land Rover tana tace iska ta cikin kwanon mai, yaron gareji ya kwance shi, ya zubar da laka, ya wanke ragar da kananzir, ya zuba sabo. Mai walda kuma yana ɗaura faranti mai kauri a ƙarƙashin botom-filet, domin dutsen ƙasar Gwari idan ya lotsa shi sama, yakan toshe bakin rariyar da famfo ke shan mai ta cikinta, ko da gejin na nuna mai ya cika.

Daga 1986, da tsarin SAP ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari talaka, tsofaffin motocin waje, wato 'yan Beljiyam, suka cika gari, Hilux ta karɓi aikin da Land Rover da Peugeot suka bari. Injinan sun fi na da kyau, amma sun iso da tafiya a jikinsu, kuma lokacin ne man awo na bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, da filtar jabu suka samu kasuwa. Duk wanda ya saba buɗe injin da ya buga ya san abin da ake tararwa: metal ya karce saboda yashi, zobba sun cinye saboda ƙurar rani, ko kuma man ya koma fari-fari saboda ruwan da ya shiga wajen ƙetare rafi da damina. Tulu ba ya tace komai. Dattin da ke cikin inji shi zai ajiye, shi kuma zai mayar.

Akwai wani rauni da masu tallarsa ba su cika faɗa ba. Yawan man da tulun ke riƙewa ya dogara ne da ƙarfin da famfo ke bayarwa. Motar tsere tana gudu da inji a sama, tulunta a cike yake lokacin da ta shiga kwana. Motar da ke rarrafe a giya ɗaya cikin zafin watan Maris, da inji mai zafi da ya riga ya saki, ƙarfin manta a ƙasa yake, don haka tulun ya zubar da yawancin ajiyarsa tun kafin a iso gangaren. Ga kuma tiyo da mahaɗai da aka ƙara, kowanne wurin yoyo ne a hanyar da ke girgiza mota daga safe har yamma.

Za a ce ai yana da amfani na biyu, kuma gaskiya ne. Idan aka rufe bawul ɗin tulun kafin a kashe mota, man na nan a matse har gobe, a buɗe shi da safe ya jiƙa metal kafin a murza makulli. Motar hukuma ko ta kamfani da ke yin makonni a ajiye za ta amfana, haka ma wadda aikinta ke kai ta tsaunukan da ke kewaye da madatsar Shiroro, inda mota kan tsaya a karkace. Sai dai ko a wajen karkacewar, faranti masu hana mai gudu da ake waldawa cikin botom-filet sun fi araha, kuma ba su jiran direba ya tuna da su.

Wanda ya nace zai ɗaura, sharuɗɗansa sanannu ne. A sa bawul mai hana mai komawa baya, don kada ajiyar ta bi ta wajen famfo ta zube. A duba gejin mai lokacin da tulun ke cike, in ba haka ba awon ƙarya za a gani. Ranar sabis kuma a buɗe bawul tulun ya juye kafin a kwance noti, domin yaron da bai san da shi ba zai bar lita ɗaya ko biyu na tsohon mai a ciki, su gauraya da sabon da aka saya.