Yadda Ake Gane Baƙin Ciyayi Masu Saurin Mamaye Lambun Gida

Sau da yawa mai lambu kan wayi gari ya tarar da wata ciyawa da bai shuka ba ta rufe masa kwamin alayyafo ko na tumatir. Irinta kan shigo ne ta takin dabbobi da bai ruɓe ba, ko ƙasar da aka ɗebo daga wani wuri, ko iska da ruwan ban ruwa. Gane ta kafin a kai mata fartanya yana da muhimmanci, domin akwai ciyayin da sara ke ƙara yaɗa su.

Matakin farko shi ne a tono ciyawar gaba ɗaya, a duba saiwa, da kara, da ganye, da fure.

Aya-aya: Kararta na da kusurwa uku idan aka murza ta a yatsu. A ƙarƙashin ƙasa tana da ƙananan ’ya’ya masu duhu da ke haɗe da juna kamar carbi. Kowanne da aka bari zai sake tsiro, don haka sai an tono su an shanya a rana.

Tofa: Ganyenta dogo ne mai kaifin gefe, furenta fari kamar auduga. Tana yaɗuwa ta jijiyoyi masu tsini da ke ratsa ƙasa, har su huda dankali da rogo. Ƙona ta ba ya kashe jijiyar, sai ma ta ƙara tofowa.

Balasana: Kararta mai ruwa-ruwa ce, furenta shuɗi ƙarami, kuma tana yin saiwa a kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa. Idan aka sare ta aka bar ta a kan danshi, guntayen za su kama.

Ƙuduji, ko wuta-wuta: Ana gane shi da fure mai launin ruwan hoda a gindin masara, dawa ko gero. Yana maƙale wa saiwar shukar yana tsotse abincinta tun kafin ya fito fili. Tushe guda na zubar da dubban iri, waɗanda kan iya zama a ƙasa fiye da shekara 10.

Ciyawar Siyam: A kudancin Najeriya ana kiran ta Awolowo ko Akintola, amma asalinta yankin tsakiya da kudancin nahiyar Amurka ne. Ganyenta biyu-biyu ne masu fuskantar juna, kowanne da manyan jijiyoyi uku, kuma yana da wari mai ƙarfi idan aka murza. Tana fure da rani, iska kuma na kwasar irinta.

Daga nan za a ga cewa ciyayin kashi biyu ne. Masu yaɗuwa ta iri, a cire su kafin su yi fure. Masu yaɗuwa ta saiwa ko kara, a tono su duka, a busar, kuma kada a zuba su cikin takin gida.

Wanda ya ci karo da ciyawar da bai gane ba, ya kai samfurinta da saiwa da fure ga malaman gona na jiharsa. Kada a fesa magani bisa hasashe a kusa da kayan miya, kuma kada a ba dabbobi ko a sa a tukunya don kawai ta yi kama da ganyen da aka sani.