Bangon sunaye na birnin Washington

A tsakiyar birnin Washington akwai wani bango na baƙin dutse mai sheƙi, ɗauke da sunayen sojojin Amurka sama da 58,000 da suka mutu ko suka ɓata a yaƙin Vietnam. An buɗe shi ranar 13 ga Nuwamba, 1982, shekara bakwai bayan ƙarewar yaƙin.

Wani tsohon soja da ya ji rauni a fagen daga, Jan Scruggs, shi ya fara neman kuɗin aikin a 1979. Aka shirya gasa, aka karɓi zane 1,421, kowanne da lamba maimakon sunan mai shi. Wanda alƙalai suka zaɓa sai ya zamana na wata ɗaliba ne a Jami'ar Yale, Maya Lin, 'yar shekara 21.

Zanenta babu doki, babu jarumi riƙe da makami. Katanga biyu ne, kowacce kimanin mita 75, sun haɗu a kusurwa cikin ƙasar da aka yanka. Mai ziyara gangarawa yake yi, katangar tana ƙara tsayi har ta shige kansa. Hikimar aikin tana cikin jerin sunayen. An bi ranar da kowa ya faɗi, daga 1959 zuwa 1975, kuma ba a rubuta muƙamin kowa ba, hafsa da kurtu duk ɗaya. Tsohon soja kan tarar da abokansa da suka mutu rana guda a jere wuri ɗaya. Mai karatu kuma yana ganin fuskarsa cikin dutsen, a tsakanin sunayen matattu. Iyalai da 'yan makaranta sukan ɗora takarda kan suna su goga fensir, su tafi da shi gida. Wasiƙu, hotuna da takalman soja da ake ajiyewa a gindin bangon, hukuma na tattarawa tana adanawa.

Da farko wasu tsofaffin sojoji sun ƙi zanen, suna ganin baƙin launin alamar kunya ce. Domin a sasanta, aka kafa gunkin sojoji uku na Frederick Hart a 1984. Daga baya, a 1993, aka kafa na matan da suka yi hidima a yaƙin.

Akwai giɓi babba a darasin da bangon ke koyarwa: mutanen Vietnam da yaƙin ya ci, sojoji da fararen hula, sun kai miliyoyi, kuma babu sunan ko ɗayansu a jikin dutsen.